Yadda zaka bi wutar data santa tun daga falwaya har cikin saba, ka yi lissafinta da kanka

Wannan bayanin na yi shi ne saboda ƙannenmu da suka karanta kwamfuta aka ɗauke su aiki a data santa, wato ɗakin saba (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai), na banki ko jami'a ko ma'aikata, sun iya netwok sun iya saita saba tsaf, amma da an ce wuta sai su ja baya su ce ai wannan aikin mai wayarin ne. Toh ɗan'uwa, ranar da komai ya ɗauke ɗif da ƙarfe biyun dare wayarka za a fara kira, shi mai wayarin yana gida yana barcinsa, sai gari ya waye zaka same shi. Ba cewa nake ka ɗauki sukundireba ka buɗe fanel ba, a'a, wannan kam ba naka bane kuma zan dawo kansa. So nake ka san hanyar da wuta take bi kafin ta iso injinan da aka ba ka amana, ka kuma iya lissafi kafin ka jona sabon abu.

Ka nemi takarda babba da biro, ka roƙi injiniyan wutar wajenku ya zaga da kai tun daga taransifoma. Duk akwatin da kuka tsaya a gabansa ka rubuta nawa aka rubuta zai iya ɗauka, nawa yake ɗauke da shi yanzu, sannan ka tambaya in wannan ya mutu ko za a kashe shi a yi gyara, ta ina wuta zata bi? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce kan aikin gaba ɗaya, duk wata maganar Tier da N+1, wato ma'aunan yadda wuri ke ci gaba da aiki in wani abu ya mutu, da kake ji a bakin manya amsarta ake nema.

Awo tukuna

Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya yawan abin da ke gudana a cikin waya, wat kuma aikin da ake samu in an haɗa su. Bolt sau amfiya shi ne zai ba ka wat, kusan. Na ce kusan saboda akwai fawa fakta, wato kason wutar da ya zama aiki na gaske cikin wadda aka ja, lamba ce da bata wuce 1. Shi yasa zaka ga janareta da UPS, wato na'urar batir mai riƙe kaya in wuta ta ɗauke, an rubuta kVA (bolt sau amfiya a dubbai) amma saba an rubuta wat. Janareta galibi a kan 0.8 ake auna shi, wanda aka rubuta 100 kVA ainihin abin da zai ba ka 80 kW ne. Mutane da yawa sun sayi inji a kan lambar kVA suna ɗauka kilowat ce, sai an ɗora kaya ya fara tari da baƙin hayaƙi. Tsofaffin UPS suma 0.8 ko 0.9 ne, sababbin da yawa sun kai 1, ka duba jikin naku kada ka yi kirdado. Su kuwa sabobin zamani fawa faktansu yana dab da 1, dan haka a lissafin rak, wato kabad ɗin ƙarfe da ake jera sabobi a ciki, ba sai ka wahalar da kanka ba.

A Najeriya da Nijar da Ghana wutar layi ɗaya wajen bolt 230 ce a kan 50 Hz (yawan juyin wuta a daƙiƙa), tsakanin layi da layi kuma a tiri fes bolt 400 ne, tsofaffin injiniyoyi har yanzu 240 da 415 suke cewa, abu ɗaya ake nufi. Amurka tasu daban ce, 120 da 208 da 480 a kan 60 Hz. Ya kamata ka san haka saboda kayan gwanjo da ake shigo mana dasu. Fawa sufulai na saba yawanci yana karɓar 100 zuwa 240, babu matsala, amma ƙaramin UPS ko PDU (sandar soket ta cikin rak) da aka yi wa kasuwar Amurka in ka jona shi a tamu wutar yana iya ƙonewa nan take. Karanta takardar jikinsa kafin filogi ya shiga soket.

Lissafin tiri fes: bolt 400 sau amfiya sau 1.732. Ka haddace waɗannan kawai, zasu isheka aiki na yau da kullum. Amfiya 16 a layi ɗaya kusan 3.7 kW, amfiya 32 a layi ɗaya kusan 7.4 kW, amfiya 16 a layi uku 11 kW, amfiya 32 a layi uku 22 kW.

Hanyar da wuta ke bi

Daga tashar samar da wuta ana ɗaukota a kan 330 kV, wato bolt dubu 330, a sauketa zuwa 132 kV a manyan tashoshi irin ta Kumbotso a Kano ko Mando a Kaduna, daga nan 33 kV, daga nan 11 kV, sai taransifomar ginin ku ta mayar da ita 400. Babbar data santa bata jona layin unguwa, layinta take ja na 33 ko 11 kV, wasu ma layi biyu daga tashoshi daban.

Daga taransifoma sai ATS, wato canji-oba mai aiki da kansa, shi ke kallon wutar nepa, in ta ɗauke ko ta yi lo-karan ya ba janareta umarnin tashi ya juya kaya kansa. Sai babban fanel inda ake raba wuta, wani ɓangare ya tafi na'urorin sanyaya ɗaki, wani ya tafi UPS. Daga UPS sai fanel ɗin rabo, daga nan kebul ko sandar jan ƙarfe da ake ratayawa a saman rak-rak su kai wa kowane rak nasa, sai PDU na cikin rak, wannan doguwar sanda mai soket da yawa, sai wayar C13 ko C19 ta shiga fawa sufulai, shi kuma ya mayar da ita DC, wato irin wutar batir, ta bolt 12 da allon saba ke ci. C13 amfiya 10 take ɗauka, C19 amfiya 16, kada ka ga akwai adafta a kasuwa ka tilasta ƙarama ta yi aikin babba.

Ka lura da wani abu. Tsakanin ɗaukewar wuta da lokacin da janareta zai tashi ya daidaita ya karɓi kaya ana yin kamar daƙiƙa 10 ko ɗan fi, ita kuwa saba abin da zata iya jurewa babu wuta bai kai ƙiftawar ido ba, kamar kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Wannan ramin shi ne aikin UPS. Ba an saka shi bane dan ya riƙe ginin awa uku kamar inbatar gida, gada ce kawai ta minti biyar ko goma ko sha biyar. Kuma UPS ɗin da ya dace da ɗakin saba shi ne wanda kullum yake mayar da wutar da ta shigo DC sannan ya sake haifar da sabuwar AC, wato irin wutar soket, mai tsafta, shi babu wani juyi da zai yi in wuta ta ɗauke saboda dama ta cikin inbatarsa kaya ke sha. A wajenmu da wuta ke hawa da sauka kamar lilo wannan ba ado bane.

Rabin nan da mutane ke mantawa

Nan ne nake so ka nutsu, dan nan ne aka fi faɗawa.

Saba ta kirki tana da fawa sufulai biyu. Ɗaya ana jona shi a PDU na ɓangaren A, ɗayan a na ɓangaren B, kuma A da B ya kamata kowanne ya fito daga birekarsa, fanel ɗinsa, in da hali UPS ɗinsa. In lafiya lau ake suna raba kayan tsakaninsu. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ya ɗauki duka nan take.

Mu ɗauki misali. Rak ne mai saba 12, ka auna kowacce tana cin wat 450, ga suwic biyu kowanne wat 150. Jimla 5,700. Raba da 230, ka samu kusan amfiya 25. PDU ɗinka na amfiya 32 ne kowane ɓangare. In ka kalli mitar jikin PDU zaka ga A tana nuna 12 da ɗoriya, B ma haka. Sai wani ya zo ya ce kai ai akwai wuri, 12 kacal cikin 32, a ƙara saba goma. Aka ƙara, kowane ɓangare ya koma 22, komai yana aiki lafiya wata da watanni babu wanda ya ga matsala. Ran da aka kashe A za a canza batir, B ta tashi daga 22 zuwa 44 a kan bireka mai 32, ta faɗi, rak gaba ɗaya ya mutu, alhali an kashe kuɗi an saka layi biyu dan kada hakan ta faru.

Dan haka lissafin da zaka riƙa yi shi ne ka haɗa abin da A ke nunawa da na B, jimlarsu kada ta wuce abin da ɓangare ɗaya zai iya ɗauka shi kaɗai. Kuma ba 32 cif ba. A ƙa'idar wayarin ta Amurka kayan da zasu yi awa uku ko fi suna aiki ba a ɗora musu sama da kashi 80 na bireka, ni kuma ina ba da shawarar mu bi haka ko da ba dokarsu muke bi ba, saboda ƙananan birekokin nan a zafin digiri 30 ake auna su, cikin fanel ɗinmu kuwa a watan Afrilu ya fi haka nesa, kuma bireka in ta yi zafi tana faɗuwa tun kafin ta kai lambar da ke jikinta. Kashi 80 na 32 shi ne 25.6. Kenan rak ɗin misalinmu ya riga ya cika tun yana nuna 12 da ɗoriya. Wallahi in wannan kaɗai ka ɗauka daga rubutun nan ban yi asarar lokacina ba. Kuma haka lissafin yake a sama, UPS biyu na A da B kowanne kada ya wuce rabi, taransifoma biyu ma haka.

Sannan ka zaga bayan rak da tocila ka bi kowace waya da hannu. Na taɓa shiga wani ɗakin saba na tarar da inji mafi muhimmanci a wajen, wanda albashin ma'aikata ke kansa, wayoyinsa biyu duka a PDU ɗaya aka soka saboda wayar da aka samu gajera ce bata kai ɗaya ɓangaren ba. Shekaru yana haka. Shi yasa yake da kyau a sayi wayoyi kala biyu, misali ja na A shuɗi na B, ko daga bakin ƙofa ka hango kuskure. Kada ka ɗauka mu kaɗai ke wannan. A watan Agustan 2016 wata na'urar wuta ta lalace a cibiyar kamfanin jiragen sama na Delta a Atlanta, aka soke tashin jirage kusan 2,300 cikin kwana uku, daga baya shugaban kamfanin ya ce sun gano kimanin saba 300 cikin 7,000 ba a jona su da wutar ko-ta-kwana ba. Akwai kuma kayan da dama fawa sufulai ɗaya aka yi su da shi, ƙananan suwic da modem na kamfanin intanet, su sai ka saya musu ƙaramin ATS na cikin rak mai karɓar A da B ya fitar da ɗaya.

Wani abu kuma, kada ka yi lissafi da lambar da ke jikin fawa sufulai. In an rubuta wat 1,100 iyakarsa kenan, ba abin da sabar ke ci ba. Shiga shafin kula da sabar, iDRAC in Dell ce ko iLO in HP ce, zaka ga ainihin cinta da mafi yawan da ta taɓa ja, da wannan mafi yawan zaka yi aiki. Kuma ka sani injinan AI sun sauya lissafi, DGX H100 guda ɗaya na NVIDIA yana iya jan kilowat 10, ya fi dukan rak ɗin misalinmu. In oga ya ce an yo odar irinsu, kafin kwantena ta iso ka zauna da injiniya.

Layi uku da niyutural

In fanel ɗinku tiri fes ne ka auna kowane layi da kilam mita, ja da ɗorawa da shuɗi a tsohon launi, ko ruwan ƙasa da baƙi da toka a sabo. So ake su yi kusa da juna. In ɗaya na ɗauke da 60 sauran 20 da 15, wannan ɗayan zai fara faɗuwa alhali a takarda kana da sauran wuri, kuma bambancin ta niyutural yake komawa ya zafafa ta. Gyaran mai sauƙi ne, duk sabon rak a ba shi layin da ya fi sauƙin kaya.

Niyutural ɗin nan kada a raina ta. Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da aka wayi gari talabijin da firij da caja na layi guda sun ƙone lokaci ɗaya ya ga aikin tsinkewarta, domin in ta saki, wutar da ya kamata ta zama 230 tana iya hawa ta nufi 400 a layin da ba shi da kaya sosai. Ka sa a riƙa duba ɗaurinta, kuma kada a yarda a saka mata waya siririya.

Janareta

Cibiyar Uptime Institute, masu ba da shaidar Tier, a ƙa'idarsu janareta ne asalin wutar data santa, wutar gwamnati hanyar rage kashe kuɗi ce kawai, kuma suna so a ajiye man awa 12 aƙalla. Su a Turai da Amurka wannan magana ce ta takarda, mu a nan rayuwarmu ce. Awa 12 ma ba komai bane a arewa, ka tuna Oktoban 2024 da aka yi fiye da mako guda yawancin jihohinmu babu wuta bayan matsalar manyan layukan da ke kawo ta. Dan haka ka san cin man injinku. A ƙiyasi lita ɗaya ta gas tana ba da kilowat-awa 3 zuwa 4, kayan 60 kW na kwana ɗaya zasu sha wajen lita 400. Raba tankinku da wannan ka ga kwana nawa gareku, ka kuma san wa zai kawo mai in gari ya rikice.

Wajen saye a duba ko injin na jiran ko-ta-kwana ne ko na aikin kullum, domin inji ɗaya lamba biyu gareshi, ta jira ta fi girma kuma ita 'yan kasuwa ke nunawa. Mu ta aikin kullum ce tamu. Kuma zafi yana rage masa ƙarfi. Ta ɗaya gefen, inji ya yi girma da yawa shima cuta ne, in yana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa kullum man baya ƙonewa duka, sai ka ga baƙin mai na tsiyaya ta salansa. Batirin tada inji kuwa, wannan ɗan ƙaramin abu, shi ke kunyata mutane fiye da komai. Da hunturu kuma matatar iska ta toshe da ƙura cikin kwanaki kaɗan.

Akwai wata matsala da zata ruɗe ka in baka taɓa gani ba: janareta ya tashi, fitilu sun kama, amma UPS yana ta ƙara yana kan batir har ya ƙare. Dalili yawanci Hz ɗin wutar injin ne ke rawa bai tsaya a 50 ba sai UPS ya ƙi karɓa, ko kuma an juya jerin layuka lokacin wani gyara. Shi yasa ake so injin ya fi UPS girma sosai, dan bayan kayan saba zai caja batir kuma zai tada na'urorin sanyi.

Batir

Batirin dalma da aka fi sakawa a UPS shekara 3 zuwa 5 yake yi, kuma a zafin digiri 25 aka yi wannan alƙawarin. Duk ƙarin kamar digiri 10 a kan haka yana raba ransa biyu. Ka ajiye shi a ɗakin da ke kai 35 kullum, toh kada ka zargi wanda ya sayar maka in ya mutu a shekara biyu. Sannan a jere ake haɗa su, 30 ko 40 a layi guda, ɗaya ya lalace duka layin ya tashi aiki, kuma gaban UPS zai ci gaba da nuna maka caji ya cika har sai ran da aka buƙace shi. Gwaji da kaya a kai shi ne kawai ke faɗin gaskiya. Kada a gauraya sabo da tsoho. Kuma lissafin bolt 12 sau amfiya-awa 100 sau yawan batir kada ya ruɗe ka, wannan 100 ɗin an auna shi ne in an sha a hankali cikin awa 10 ko 20, in aka zuƙe cikin minti goma abin da zai bayar ya ragu sosai, teburin kamfanin da ya ƙera zaka duba.

Litiyam ya fi daɗewa ya fi jure zafi, amma in ya kama wuta kashe shi aiki ne. A Oktoban 2022 gobara ta tashi a ɗakin batir na wata data santa a Pangyo ta Koriya ta Kudu, manhajar KakaoTalk da kusan kowa ke amfani da ita a ƙasar ta tsaya. Ɗakin batir a raba shi da na saba, kuma kebul ɗin A da na B kada su bi ta rami ɗaya.

Sanyi ma lissafin wuta ne

Duk wat ɗin da ya shiga saba zafi yake komawa. Kilowat ɗaya daidai yake da BTU 3,412 a awa (BTU awon zafi ne), kenan rak ɗinmu na 5.7 kW yana fitar da kusan 19,500, AC mai doki ɗaya da rabi kuwa wajen 12,000 yake cirewa. Kaga ɗaya bai isa ba, biyu su ne buƙata, na uku shi ne na ko-ta-kwana, wannan shi ne N+1 ɗin da ake faɗa. Iskar da ke shiga gaban saba ana so ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. Na'urorin sanyi galibi basa kan UPS, dan haka in wuta ta ɗauke sabobi na ci gaba da hura zafi su kuma sun tsaya, bayan janareta ya kama ma kwamfuresa tana jiran 'yan mintuna kafin ta tashi. A saita su su tashi ɗaya bayan ɗaya, domin mota tana jan ninki biyar zuwa bakwai na wutarta lokacin tashi, kuma a tabbatar suna kunna kansu ba sai an danna rimot ba.

In ka raba dukan wutar da ginin ke ci da wadda injinan kwamfuta kaɗai ke ci ka samu PUE, matsakaicin duniya yana wajen 1.5 zuwa 1.6. Amfaninsa gareka shi ne kada ka manta janareta da taransifoma ba kayan UPS kaɗai suke ɗauka ba.

Wayar ƙasa da ranka

Kowane rak a ɗaure shi da wayar ƙasa zuwa sandar jan ƙarfe ta ɗakin. Ramin at, inda wayar ƙasa ke ƙarewa, kuma a auna shi da rani lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, awon damina zai yi maka daɗin baki ne kawai, injiniyoyi da yawa suna so awon kada ya kai om 5. Gishiri da gawayin da masu wayarin ke zubawa yana saukar da awo da farko amma gishirin yana cin sandar, gara a yi amfani da yumɓun bentonait ko a ƙara sanduna. Na'urar tare tsawa a babban fanel ita ma dole ce kafin hadarin farko.

Yanzu maganar da na ce zan dawo kanta. Wutar da bata kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba tana iya tsayar da zuciya. UPS ko an kashe nepa an kashe janareta akwai ɗaruruwan bolt a cikinsa daga batir da kafasito. Sifana ta faɗa kan sandunan babban fanel kuwa fashewa ce mai narka ƙarfe ta ƙona fuska. Duk abin da sai an kwance murfi aikin wanda ke da shaidar NEMSA ne, hukumar da ke duba aikin wuta a Najeriya. In ana aiki a kulle bireka da kwaɗo, makullin yana aljihun mai aikin, a rataya takarda, a gwada da mita kafin a taɓa, a cire zobe da agogo, kuma kada mutum ya yi shi kaɗai. Bireka ta faɗi kada ka mayar da ita sai an san dalili, kuma dan Allah kada ka bari wani ya ce a saka babba dan ta daina faɗuwa, waya take karewa, in ka ƙara mata girma wayar ce zata zama fis.

Gwaji

Da zanenka a hannu zaka gane matsayinku. Tier III na nufin ana iya kashe kowane abu a gyara ba tare da saba ta tsaya ba, Tier IV kuma ko abu ya lalace ba zato aiki zai ci gaba. Manyan na Legas irin Rack Centre a wannan ma'aunin suke tallata kansu, haka cibiyar Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a 2023. Ƙaramin ɗakinku ba sai ya kai nan ba, amma ka zana da'ira a kan duk akwatin da shi kaɗai ne babu madadinsa, yawanci ATS ne, ko UPS ɗin da ba a yi masa hanyar kewaye ta hannu ba, ka kai wa oga a rubuce da kwanan wata.

Tada janareta babu kaya ya yi minti biyar ba gwaji bane. A zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi, a sanar da kowa, a tabbatar an kwafi bayanai, injiniya yana tsaye, sai a kashe babbar birekar nepa da gaske a riƙe agogo: daƙiƙa nawa inji ya tashi, UPS ya karɓi wutarsa ko ya ƙi, minti nawa sanyi ya dawo, digiri nawa ɗakin ya hau. Wata ranar daban a kashe ɓangaren A kaɗai a zaga a ga me ya mutu, a mayar, a jira komai ya daidaita, sannan B. Lokacin da kaya ke kan ɓangare ɗaya a haska fanel da kyamarar zafi, duk ɗaurin da ya saki zai fito fili. Ka rubuta awon kowane PDU da kowane layi a littafi guda duk mako, ka liƙa takarda a ƙofar kowane rak mai nuna iyakar amfiyarsa da wadda ta rage, duk wanda zai jona sabon abu sai ya sa hannu a kai tukuna.